Gitar da Ta Sha Man Shanu

Aikina feshi. Ƙofar ƙarfe, gadon amarya, tankin moto, abin da aka kawo shi nake fesawa. Rumfata tana bayan tasha a Dogon Dutsi, rufin kwano a kan itace, da injin iska mai tari irin nawa. Ban yi lakkwal ba, wato boko. Hannu ne ya koya, huhu ya biya.

Gita sau ɗaya na taɓa fesawa, ta wani Bafillace.

A hanyar dawowa daga Libiya muka san juna, lokacin da motarmu ta mutu cikin rairayi. Ruwan injin mota muka sha, shi kurɓi ni kurɓi. Wasu ba su iso gida ba. Ni na iso da sana'a, shi ya iso da gita goye a baya cikin rawani. Shanunsa sun ƙare tun farin da ya kore shi daga gida, don haka ya zauna wajen Dogon Kiriya yana kiɗa a bukukuwan rugage, suna da aure. Da ita yake ci, da ita yake ciyar da iyali.

Ni Ba'are ne, jinin Arawa masu tsage, shi Bafillace. A ƙasarmu wannan ya wadatar. Ni na ce bawana ne, shi ya ce ni ne nasa, haka kakanni suka bar mana. Zagi ya halatta tsakaninmu, fushi ne babu.

Wata ranar kasuwa bayan an kai gero gida, sai ga shi da buhu a kafaɗa.

"Kaɗo, har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jira in binne ka tukuna. Mi ke cikin buhu? Maraƙi ka sato?"

"Mai tsagen fuska, ba ni wurin zama."

Ya zauna. Ya tambayi iyali, ya tambayi gero, ya tambayi tarina, ya tambayi lafiyar injin. Bafillace ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai rana ta karkata. Na bar shi, na ci gaba da ƙofar da nake gogewa. Can ya kwance buhun.

Gitar ta tsufa. Ƙyallin da ta zo da shi daga masana'anta ya ɓare ya zube tuntuni. Fuskarta ta dushe kamar tsohuwar ƙwarya, inda hannunsa ke kwanciya ya yi baƙi.

Da kyar na tatso maganar daga bakinsa. Wani saurayi ne ya dawo daga Yamai da jar gita mai walƙiya da akwatin ƙara murya, yana ta kwashe masa biki bayan biki. Yanzu wani babban mai garke, wanda duk shagalin gidansa abokina ke yi, zai aurar da ɗansa. Wannan karon su biyu ya kira. Ya ce kowa ya zauna gefe guda na fili, wanda mata suka taru a kansa shi ne makaɗin gidan daga ranar. Kuma inda gidan nan ya juya, nan sauran rugage ke juyawa.

"Kiɗana ya fi nashi," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Ƙyalli kawai ya fi ni."

"Kiɗanka awa akuya ta maƙale a shinge. Kawo ta nan."

Na juya ta, na ƙwanƙwasa. Lafiyarta lau, ba tsaga ko ɗaya. Abin da yake so shi ne berni, wato ruwan ƙyalli marar launi da ake fesa wa katako, ya bushe ya bar itacen yana haske ta ƙarƙashinsa. Na yi masa tambayar da nake yi wa duk mai kawo katako.

"An taɓa shafa mata wani abu?"

"Ko kusa."

"Mai? Kakin zuma? Man fitila?"

"Na ce ko kusa."

Hancina ya mutu tun da daɗewa, warin fenti ya kashe shi. Da yana aiki da tun daga bakin tasha na ji amsar.

Na kwance tsirkiyoyin, yana runtse ido kamar ana yi masa sakiya. Na kama gogewa da sanfefa. Takardar tana ta toshewa da wani baƙin danƙo, na ce a raina gumin shekaru ne, na canza wata. Na rufe wuyan gitar da takarda, na cusa tsumma a bakinta, na rataye ta da waya a itacen rumfa. Na yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙafa ta ta da ƙura. Na tsinka berni, na tace shi da tsohon ɗankwali, na zuba a fistole, wato bindigar feshi. Injin ya yi tari ya tashi. Na wuce da hannu, na dawo.

Da farko ta yi kyau. Ban gama share hannuna ba sai na ga bernin yana gudu. Nan ya tsage, can ya janye, ƙananan ramuka suka buɗe ko'ina a fuskarta kamar wanda ya tashi daga ciwon agana. Na taɓa ganin haka a tankin moto da makaniki ya dafa da hannun giris. Berni da mai ba sa ga maciji.

"Haka take fara yi?" in ji shi.

"Haka take ƙarewa."

Na bar ta ta kwana, ko za ta bushe in gyara. Da safe na taɓa, danƙo har yanzu. Na kankare shi duka da guntun gilashi, na ajiye gitar a kan benci, tsirara, na zauna ina tunani. Shi ma ya dawo daga gidan ɗan'uwansa inda yake sauka, ya tsuguna a bakin rumfa.

Maƙwabciyata mai tuwo-tuwo tana da kyanwa, ɓarauniya ta gaske. Ta shigo, ta hau benci, ta sunsuni gitar. Sai ta gyara zama ta fara lasa. Ta lashi fuskar, ta lashi gefe, ta lumshe ido.

Na dubi kyanwa, na dubi Bafillace.

"Bawana. Ka taɓa ganin kyanwa na lasar katako?"

"Kyanwar Arawa ce. Ku mi ne ba ku ci?"

"Mi ka shafa mata?"

Ya gyara rawani. Ya dubi tasha. Ya ce rana za ta yi zafi yau.

"Mi ka shafa mata?"

"Kaɗan ne."

"Kaɗan ɗin mi?"

"Man shanu."

"Tun yaushe?"

"Tun da na same ta. Ranar Juma'a kawai. Sai kuma in iska ta bushe. Sai kuma in za ni biki." Ya ɗaga murya, tunda asiri ya riga ya tonu. "To mi? Sanda ana shafa mata. Ƙwarya ana shafa mata. Itacen da bai sha mai ba tsagewa yake, ko yaro ya san wannan!"

"Don mi ka ce ko kusa?"

"Ka ce mai, ka ce kaki. Ba ka ce na shanu ba."

Gaskiyarsa ta wani gefe. Gitoci nawa aka shigo da su ƙasar nan, zafi ya tsaga su cikin rani guda. Tasa ta yi shekaru ko gezau. Ban faɗa masa ba. Ba'are ba ya ba Bafillace gaskiya da rana tsaka.

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Da na ɗago sai na ga shi ba ya dariya. Yana kallon gitar. Da ya kawo ta tsohuwa ce mai mutunci. Yanzu ga ta a kankare, dabbare-dabbare, ba tsirkiya, ga yawun kyanwa, biki kuma yana matsowa. In a haka ya ɗauke ta ya tafi, ya faɗi tun kafin ya taɓa tsirkiya. Na sayo tuwo na ajiye a gabansa, ya ce ya ƙoshi. Na san wannan ƙoshin. Na gan shi a rairayi.

"Tashi," na ce. "Kai ka ciyar da ita, kai za ka tatse ta."

Na aike shi ya samo farar ƙasa. Muka daka, muka kwaɓa da esansi, muka lulluɓe fuskar gitar da bayanta da shi kamar ana yaɓen rumbu. Ban sa ta a rana ba, don rana za ta narka gam ɗin da ke riƙe da ita, jakin da tsirkiya ke hawa ya fita. Na ɗora ta can sama kusa da kwanon rufi, inda ɗumi ke taruwa. Ɗumi ya turo man waje, ƙasa ta shanye. Farar ƙasa ta hau fara, ta sauko rawaya. Ya karkaɗe, ya sake kwaɓawa, ya sake yaɓawa. Haka muka yi ta yi.

Masu zuwa rumfa suka samu abin kallo. Direbobin tasha, masu kabu-kabu, duk wanda ya tambaya ina gaya masa gaskiya.

"Saniya ce. Ita kaɗai ta rage masa. Tatsa yake."

"Tana ba da nono?"

"Ta wuce nan, mai take bayarwa kai tsaye."

Wani direba ya zo da guntun burodi ya ce a ɗan shafa masa. Abokina ya bi shi da sanda har bakin titi. A ranar ya ci tuwo.

Alƙalinmu kyanwa ce. In mun karkaɗe ƙasar, muka bar warin esansi ya fita, sai in ɗauko ta in ajiye kusa da gitar. Ta lasa, mu koma aiki. Ta sake lasa, mu sake komawa. Abokina ya tsane ta, yana ce mata 'yar kwastan. Wata safiya ta sunsuna, ta sunsuna, ta juya mana baya ta tafi wurin tukwanen uwar ɗakinta.

"Ta sake ki," in ji shi ga gitar, a hankali, kamar mai yi wa mara lafiya albishir.

Ranar feshi sai ga wata matsala. Bayan katangar rumfata matan wani gida suna sussuka da shiƙa, iska kuma daga wajensu take. Ƙaiƙayin gero yana shawagi kamar hayaƙi. Ƙwaya ɗaya ta sauka a ɗanyen berni ta zauna har abada.

"Je ka roƙe su su koma wancan gefen," na ce.

"Ni? Matan mutane?"

"Gitarka ce ko tawa?"

Ya tafi yana jan ƙafa, rawani har hanci. Ina jin su ta kan katanga.

"Lale da ɗan Fulani! Ina nonon?"

"Ku yi haƙuri, iyayena, ku ɗan matsa."

"Mu matsa? Turmin zai tashi da kansa?"

Shi ya ɗauki turmi. Shi ya ɗauki dammunan gero ɗaya bayan ɗaya, da ƙafafun nan nasa kamar tsinken tsire, suna binsa da guɗa. Ya dawo fari fat da ƙaiƙayi yana susa. Na hana shi shiga rumfa. Na ce ya tsaya nesa, can wajen kwata, kada ya kashe mini aiki.

Na fara da abin da kafintoci ke toshe ƙofofin katako da shi, na bari ya bushe, na goge. Sannan berni. Na farko siriri, kamar raɓa, don itace ya saba. Na tsaya ina jira in ga ko zai gudu. Bai gudu ba. Ya kwanta.

Feshi ba ƙarfi ba ne. Hannu yana tafiya kafin yatsa ya matsa, yatsa yana saki bayan an wuce gefe. Ka tsaya wuri ɗaya, berni ya taru ya zubo da hawaye. Ka yi nisa, ya bushe a iska ya sauka kamar yashi. Ka yi, ka jira, ka goge da sanfefa mai laushi da ruwa, ka sake yi. Jiran ya fi feshin yawa. Na ƙarshe na ba shi jiƙe, har iyakar inda zai zubo, na ɗauke hannu.

Launin da ya fito ban taɓa ganinsa a katako ba. Man ya fita amma ya bar rininsa. Ja ba ja ba, kamar zumar da ta kwana biyu a tulu, kuma kowace jijiyar itacen ta fito.

Abokina ya matso da yatsa a miƙe.

"Ka taɓa, in yanke shi."

"Kaɗan kawai."

"Kaɗan ɗinka na sani."

Berni yana bushewa a sama da wuri, ciki ne ke daɗewa. Na rataye ta a ɗakina na sa kwaɗo, makulli a wuyana. Kullum ya zo ya leƙa ta taga. Sai da na danna farce a wani ɓoyayyen wuri bai shiga ba, sannan na buɗe. Lokacin nan biki saura kwana biyu. Ya mayar da tsirkiyoyi, ya ɗaure, ya kaɗa. Muryarta tana nan, ta ɗan ƙara kaifi ma.

Na ce zan raka shi. Ya ce ba a gayyace ni ba. Na ce inda aka yanka sa ba a gayyatar Ba'are, ji yake a jikinsa. Muka hau motar kasuwa zuwa Dogon Kiriya, daga nan amalanken jaki cikin yashi. Duk hanya gitar tana tsaye a cinyarsa, naɗe da sabon zane, yana kare ta daga rassan ƙaya da bayansa.

Bayan la'asar aka buɗe fili. Saurayin yana gabas da jar gitarsa da akwati da batirin mota. Abokina yana yamma a gindin gawo. Mai garke yana tsakiya a kan tabarma da dattawa, yana tauna goro, yana kallo.

Saurayin ya kunna akwati, ƙara ta cika daji, har shanu suka ɗaga kai. Mata suka kwarara can. 'Yan mata, zawarawa, masu goyo, duka. Wajen abokina sai tsofaffi maza da ba sa son tashi daga inuwa, da ni da ƙashin nama a hannu. Gitar tana walƙiya, amma daga can nesa wa zai gani? Ya kaɗa. Ya kaɗa da kyau, ba na ɓoyewa. Ba wanda ya waiwayo. Na ga mai garke ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya tofar da goro. Na ga wuyan abokina ya fara lanƙwasa.

Na ajiye ƙashin.

Cikin matan akwai gwaggon ango, doguwar tsohuwa mai zobban azurfa har kafaɗa. Ta sha kwalli, ta ɗiga ado a kunci da goshi. Na lura duk inda ta taka, sauran suna biye. Na ratsa na isa gare ta.

"Inna, sannu da biki. Wa ya yi miki wannan aika-aika?"

"Wace aika-aika, kaɗo?"

"Kwallin. Ya zubo har haɓa. Na ɗauka kuka kika yi."

Ƙarya nake, kwallinta lafiya lau. Ta kai hannu ta murza. Yanzu ya zama gaskiya.

"Ya fita?"

"Ya ƙaru."

"Wayyo! Wa ke da madubi?"

Ba wadda ta fito da shi, duk an baro su a bukkoki.

"Ga babba can," na ce, "a ƙirjin bawana. Tun daga Dutsi na kawo miki."

Ta zage ni, ta zagi kakana da tsagensa, amma ta tafi. Ta isa gindin gawo ta sunkuya a gaban gitar. Ga fuskarta a ciki, da zobba, da komai, cikin ruwan zuma. Ta ƙura ido. Ta gyara kwallin da bakin zane, ta juya kunci, ta juya ɗayan. Tsohuwa ta ga kanta da jar fata ba tamoji.

"Ku zo ku gani!" ta ƙwala. "Ku zo ku ga yadda nake!"

Biyu suka zo, sannan biyar, sannan fili ya karye. Wannan tana gyara ɗankwali, waccan tana duba haƙori, ana ture juna, ana cewa ke kin daɗe. Wata ta ce masa ya daina motsi. Shi bai ji ba. Ya ɗaga kai ya ga mata sun yi masa rumfa, sai ya rufe ido ya saki hannu. Ya shiga kirarin shanun gidan, saniya da uwarta da uwar uwarta, waɗanda suka mutu a fari da waɗanda suka tsira, kowace da sunanta da launinta. Saurayin Yamai bai san ko ɗaya ba. Gwaggon ta bar kallon fuskarta. Ta miƙe, ta ɗaga hannu, ta rangaɗa guɗa. Tafi ya kama.

Can gabas akwati yana ta ihu ga yara da karnuka.

Mai garke ya tashi da kansa, ya tako har gindin gawo. Ya tsaya har waƙar ta ƙare. Ya ce matar ƙanensa tana da tsohon ciki, a shirya kiɗan suna. Ya sa aka kawo wa makaɗin gidansa cinyar sa.

Da mutane suka watse abokina ya goge gitar da hannun riga, tana cike da tambarin yatsun mata. Yana ta haki.

"Ka gani, kaɗo? Ka ga yadda sunka taho?"

"Na gani."

"Yatsu ne. Ba a sayen su a Yamai."

"Haka ne."

"Faɗi da ƙarfi."

"Bakina cike yake," na ce.

Cinyar tana hannuna, na riga na kai ƙashi ta gefe guda.